Kalsiyam da Saiwar Shuka: Maganin Jigawa Ba Shi Ne Maganin Lakar Managil Ba

 



An nemi in yi magana a kan yadda sinadarin kalsiyam yake taimakon saiwar shuka a ƙasa mai tsami. Na karɓa, amma gara in faɗa tun yanzu, kada a kai ƙarshe wani ya ce na ɓata masa yini: ƙasarku ba ta da tsami. Baƙar lakar nan ta Jazira da Managil a nan Sudan tana can ɗaya gefen ma'auni, gefen kanwa. To, me ya sa za mu zauna muna tattauna ciwon da ba namu ba? Saboda ciwon danginmu ne a Maraɗi da Damagaram da Katsina da Zariya, kuma shawarar da ake ba su tana isowa nan ta waya. Mutum zai ga bidiyo a WhatsApp, wani malamin gona yana cewa da Hausa garau a zuba farar ƙasa a gona amfani zai ninka, shi kuma ya ɗauka da shi ake. Ga kuma dalili na biyu: wanda ya gane abin da kalsiyam yake yi wa saiwa a can, zai gane me ya sa gyaɗarsa a nan take fitowa ɓawo ba ƙwaya, alhali hawasharsa, wato gonarsa, cike take da kalsiyam ɗin.

Iyayenmu mata sun riga mu sanin asalin maganar. Idan yakuwa ta yi wa miya tsami, 'yar kanwa ake jefawa ta kashe shi. Idan hannu ya zarce, miyar ta lalace ta ɗaya gefen. Haka ƙasa take. Masana suna auna wannan da ma'aunin pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ce tsakiya. Ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 kanwa ce. Kuma kowane mataki ɗaya ninki goma ne, wato ƙasar da take kan 5 ta ninka mai 6 tsami sau goma. Yawancin amfanin gona sun fi jin daɗi tsakanin 6 da 7. Lakar Jazira tana kaiwa 8 zuwa 9.

Yanzu mu sauka ƙarƙashin ƙasa, domin can ne maganar take. Saiwa ba ta girma da dukan jikinta. Ɗan bakinta ne kawai yake tsawo, wurin da bai fi 'yan milimita ba, kuma nan ne ake ƙera sababbin ƙwayoyin halitta dare da rana. Kowace sabuwar ƙwaya tana bukatar bango, kuma kalsiyam ne yake ɗaure bangon, ya haɗa ƙwaya da 'yar'uwarta, ya kuma tsare fatar ƙwayar don kada abin da ke ciki ya yoye. Ba don shi ba, bakin saiwa sai ya yi laushi, ya yi duhu, ya mutu.

Ga abin da nake so kowa ya riƙe, ko da ya manta sauran. Akwai sinadaran da shuka take iya kwashewa daga tsohon ganye ta aika wa sabon toho, kamar naitirojin da fotash. Kalsiyam ba ya cikinsu. Ruwan da saiwa ta sha ne yake ɗauke shi zuwa sama, inda ya sauka kuma nan ya zauna, ba ya komowa ƙasa. Ma'ana, bakin saiwa ba shi da mai aiko masa. Dole ya samu kalsiyam a daidai ƙasar da yake hudawa a wannan lokacin. Ko da saman gona ya ƙoshi, idan kamu biyu a ƙasa babu, saiwa tana isa wurin za ta tsaya.

A ƙasa mai tsami kuwa masifa biyu ce take haɗuwa. Ta farko, kalsiyam ɗin ya yi ƙaranci. Ta biyu ta fi muni. Kowace ƙasa a duniya tana ɗauke da alminiyam mai yawa a cikin yumɓunta, amma a ɗaure yake, ba ya cutar da komai. Da zarar pH ya sauka ƙasa da 5.5 sai ya fara narkewa cikin ruwan ƙasa, in ya kai 5 ko ƙasa da haka ya zama dafi. Inda yake nufa shi ne bakin saiwar nan. Yana ture kalsiyam daga mazauninsa a bangon ƙwaya, ya maye gurbin, bangon ya ƙage ya kasa miƙewa. A ɗakin gwaji an ga saiwa ta rage tsawo cikin sa'a ɗaya ko biyu da haɗuwa da shi. Idan ka tono irin wannan shuka za ka ga saiwoyinta gajeru, masu kauri, masu karyewa, ba su da 'yan siraran rassan nan da ke shan ruwa. Manomi ba ya ganin wannan. Abin da yake gani shi ne an kwana goma ba ruwa gero ya yi yaushi, alhali akwai danshi a ƙasa, saiwar ce ba ta kai gare shi ba. Sai ya ɗora wa fari laifi. Ya zuba taki, takin ya wuce ƙasa da inda saiwa ta tsaya, sai ya ce takin bana jabu ne.

Idan aka ƙara kalsiyam a ruwan ƙasa, yana gogayya da alminiyam a kan fatar saiwa, ya rage masa wurin kamawa. Wannan shi ne taimakonsa na biyu, bayan ginin bango.

Daga ina tsamin yake zuwa? Mafi yawa daga ruwan sama. Inda ake tafka ruwa shekara da shekaru, yana wanke kalsiyam da maganiziyam ya tafi da su. Ba sai mun je nesa ba. Ku haura Bahar Azrak, ku wuce Damazin da Rusairis, ku shiga Habasha wajen Asosa da Wallaga, inda ruwan shekara ya haura milimita 1,000: jar ƙasarsu tsami gare ta, har gwamnatinsu tana ta kiran manoma su zuba farar ƙasa. Abin da ruwa ya wanke daga duwatsun Habasha kuwa, ina ya tafi? Kogi ne ya kwaso shi, dubban shekaru, ya shimfiɗa a wannan fili da muke zaune. Nan kuma ruwan shekara bai cika wuce milimita 300 zuwa 400 ba, ga rana mai ƙafar da shi, ga lakar da ba ta barin ruwa ya ratsa. Babu abin da zai wanke shi. Asarar manomin Asosa ita ce fararen tsakuwoyin nan da garma take tono muku.

A ƙasar Hausa labarin ya ɗan bambanta. Ruwan bai kai na Habasha ba, amma jigawa rairayi ce, ba ta riƙe komai. A Sadore, kimanin kilomita 45 kudu da Yamai, inda cibiyar bincike ta ICRISAT take, rairayi ya haura kashi 90 cikin 100 na ƙasar, pH kuma yana wajen 5, wani wurin ma ƙasa da haka. A can André Bationo da abokan aikinsa suka yi gwaji mai tsawo a kan gero tun shekarun 1980. Sun ga gonar da ake zuba wa takin zamani zalla tana ƙara tsami, alminiyam yana ƙaruwa. Wadda ake bar mata karanta kuwa tsamin yana sauƙi, kalsiyam da fotash suna ƙaruwa a samanta. Wani ɓangare na sirrin shi ne karan yana tare ƙurar hunturu, ƙurar nan kuma tana ɗauke da kalsiyam daga Sahara. Hazon da yake fasa mana leɓe taki ne ga gona. Sai dai wa zai bar kara a gona alhali ga dabbobi, ga danni, ga murhu? Nan gizo yake saƙar, kuma ba malamin gona ne kaɗai zai warware ta ba.

A Samaru ta Zariya ma an fara wani gwaji tun 1950, aka riƙa kwatanta takin shanu da takin zamani shekara bayan shekara. Fegin da aka daɗe ana zuba wa amoniyam salfet ba tare da takin gargajiya ba ya yi tsami har amfaninsa ya faɗi. Yuriya ma tana tsamar da ƙasa, amma amoniyam salfet ya ninka ta sau biyu zuwa uku. Shi ya sa nake ganin manoman karkarar Kano, da suka shekara ɗaruruwa suna ɗauko shara da toka daga birni a kan jakuna, sun yi wa gonakinsu abin da littafi bai zo ya faɗa ba sai daga baya. Toka tana ɗauke da kalsiyam, tana kuma kashe tsami.

Magani na sosai iri biyu ne, kuma rikita su shi ne babban kuskuren da ake yi. Akwai farar ƙasa, wadda kuke kira jir, wato dutsen da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato da Malbaza ta Nijar don yin siminti. Idan aka niƙa shi aka gauraya da ƙasa yana kashe tsami, yana mayar da alminiyam ɗaure, yana ba da kalsiyam. Aibinsa ba ya narkewa da sauri, inda garma ta kai shi nan yake zama. Akwai kuma jibs. Shi ba ya canza pH wani abin kirki, amma ya ninka farar ƙasa narkewa fiye da sau ɗari, don haka ruwa yana tafiya da kalsiyam ɗinsa can ƙasa inda garma ba ta kaiwa.

Yadda aka gano amfanin jibs abin sha'awa ne. A dajin Serado na Burazil, ƙasa ce ja mai tsami wadda a da ake ganin ba ta noma. A ƙarshen shekarun 1970 masu binciken hukumar Embrapa suna gwada takin fosfet iri biyu a kan masara, sai ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina. Fegin da aka zuba wa takin sufa na talaka bai yi yaushi kamar wanda aka zuba wa mai ƙarfin ba. Da aka tona, sai aka tarar saiwarsa ta yi zurfi. Dalili: kusan rabin buhun sufa jibs ne, shi kuwa mai ƙarfin an tace masa shi. Wannan sufa ɗin dai shi ne aka daɗe ana ba manoman gyaɗa a Arewacin Nijeriya tun zamanin dalar gyaɗa, har aka kafa masa masana'anta a Kaduna. Ana ba su don fosfet, ashe kalsiyam da farar wuta da ke ciki su ma suna nasu aikin.

To, mu dawo gida.

Kakanninmu da suka biyo hanyar hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, da waɗanda suka zauna a Mai Wurno tare da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, da mahajjatan da suka tsaya neman guzuri suka zarce da zama, yawancinsu 'ya'yan jigawa ne. Sun bar rairayi suka faɗo laka. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe aikin noman auduga na Jazira, da kuma aka faɗaɗa shi zuwa Managil daga ƙarshen shekarun 1950 da kusan faddan 800,000, gumin Hausawa yana cikin abin da ya tayar da audugar nan. Sun koyi sabuwar ƙasa da hannu: mai tsagewa da rani har ƙafa ta faɗa, mai kumbura ta rufe da zarar ta sha ruwa. Yumɓu ya haura rabin jikinta. Kalsiyam ba ya cikin abin da ta rasa. Abin da ta rasa shi ne naitirojin da ruɓaɓɓen ganye.

Saboda haka duk wanda ya sayi jir ya zuba a hawashar Managil ya yi asara biyu. Ya kashe kuɗi a kan abin da ƙasa take da shi fiye da kima, ya kuma ƙara wa ciwon da yake da shi. Domin a ƙasa mai kanwa, kalsiyam ɗin da yake aboki a jigawa yakan zama mai riƙe haƙƙin wasu. Yana kama fosfet ya ɗaure, shi ya sa ya fi kyau a sa fosfet ɗin alkama kusa da iri maimakon a watsa shi ko'ina. Sinadarin ƙarfe da zinki su ma suna ɗaurewa. Idan kun ga sabon ganyen gyaɗa ya yi ɗorawa jijiyoyinsa suna kore, musamman bayan ruwa ya kwanta, sau da yawa wannan ne. Yuriyar da aka watsa a kan irin wannan ƙasa aka bar ta a rana kuma, wani kasonta iska yake bi. A rufe ta, ko a biyo ta da ruwa nan da nan. Toka ma, wadda na yaba a Kano, a nan ba na ba da shawarar a tara ta a gona.

Amma kada a fahimce ni cewa saiwa ba ta da abokin gaba a nan. Tana da shi, sunansa sodiyam, gishirin da ke cikin kanwa. Ba ko'ina ba ne. Ya fi yawa a arewacin Jazira inda ruwan sama ya fi ƙaranci, da wasu fegi-fegi da kowane manomi ya san su a nimrarsa, wato jerin gonakin da hawasharsa take ciki. Kalsiyam yana tattara ƙwayoyin yumɓu su zama 'yan dunƙule, a samu ƙofofin da iska da ruwa da saiwa za su bi. Sodiyam yana warwatsa su. Inda ya yi rinjaye ƙasa takan yi santsi in ta jiƙe, ta yi ɓawo mai tauri in ta bushe, tsiro ya kasa fasowa, ruwa ya kwanta a sama kwana da kwanaki, saiwa ta shaƙe. Ku lura, sakamakon ɗaya ne da na jigawar Sadore: gajeriyar saiwa, shuka mai saurin jin ƙishi. A can alminiyam ne ya ture kalsiyam daga jikin saiwa, a nan sodiyam ne ya ture shi daga jikin yumɓu.

Maganin wannan a littafi jibs ne, ba jir ba, tun da jir ba ya narkewa a ƙasa mai kanwa. Sudan tana da jibs a gaɓar Bahar Maliya. Amma zan faɗi ra'ayina ba ɓoye-ɓoye: kada kowa ya yi gaggawar saye. Masu bincike a Wad Madani sun gwada shi a lakar nan tun zamanin Turawa, ba sabon abu ba ne, kuma da yana biyan kuɗinsa a ko'ina da tuni ya zama al'ada kamar yuriya. Ana bukatarsa da tan-tan, ba da buhu ɗaya ko biyu ba. Sodiyam ɗin da ya kora kuma dole ya samu hanyar fita, lakar nan kuwa in ta rufe ba ta barin ruwa ya sauka, aikin Jazira ma ba a gina shi da magudanan ƙarƙashin ƙasa ba. Ga shi kuma ruwan Bahar Azrak da kuke ban ruwa da shi mai daɗi ne, gishirinsa kaɗan, kuma yana zuwa da nasa kalsiyam. Wanda yake da fegi mai ciwo ya gwada jibs a 'yar kusurwa, ya bar gefenta ba a sa ba, ya kwatanta. Ya kuma tabbata ɗanye ne na gona, ba wanda aka gasa don ado a rufin ɗaki ba. Gasasshen yana jin ruwa zai daskare.

Na zo kan gyaɗa, wadda na san ita ta fi damun da yawanku. Gyaɗa tana fure a sama, sai ɗan tsinke ya fito ya nutse cikin ƙasa, a can ya yi 'ya'ya. Mun ce ruwan da ke hawa zuwa ganye shi ke ɗaukar kalsiyam. Kwanson gyaɗa yana binne, ba ya fitar da gumi kamar ganye, don haka ruwan nan ba ya bi ta kansa. Dole ya tsotsi kalsiyam da fatarsa daga ƙasar da ke manne da shi, a 'yan santimita 5 zuwa 8 na sama. Kalsiyam kuma ba ya tafiya a busasshiyar ƙasa. A jigawa gyaɗa takan yi fanko saboda babu kalsiyam ɗin, shi ya sa ake zuba mata jibs lokacin fure. A Managil takan yi fanko saboda saman kunya ya bushe a makonnin da take cika. Tsarin aikin Jazira shi ne ruwa duk kwana 14. Idan ciyawa da laka sun toshe tur'a, wato babbar hanyar ruwa, abu ishirin, ƙaramar hanyar da ke kai ruwa gonaki, bai kawo ba sai bayan kwana 25, mai hawashar ƙarshen layi zai ga harawa kore shar, ya tuge ya tarar da ɓawo. Iri mai manyan ƙwaya irin Ashford ya fi jin wannan fiye da ƙananan iri irin Barberton da ake nomawa da ruwan sama a yammacin Sudan. Haka tumatir ɗin da 'yan'uwanmu suke nomawa a bakin kogi: baƙin tabon nan da ke fitowa a gindin ɗan tumatir ba tsutsa ba ce, feshi ba ya maganinsa. Kalsiyam ne bai isa wurin ba, saboda yau ƙishi gobe ambaliya.

Na san halin da hanyoyin ruwa suka shiga tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ba sai na faɗa muku ba. Abin da nake cewa shi ne, a lakar nan yashe tur'a shi ne takin kalsiyam. Kuɗin da mutum goma za su kashe a kan ruwan kwalba na fesa wa ganye, wanda ba zai taɓa sauka cikin kwanson gyaɗa ba, gara su haɗa shi su gyara abu ishirin ɗinsu.

Akwai gwaji biyu da kowa zai iya yi a gida kafin ya nemi ɗakin bincike. Ɗauki farar tsakuwar nan ta gonarka, ka daka, ka ɗiga mata ruwan khal ko lemon tsami. In ta yi kumfa, gonarka tana da jir nata, kada wani ya sayar maka. Sannan ɗauki ɗan busasshen ɓarɓashin ƙasa kamar ƙwayar wake, ka ajiye a hankali cikin faranti mai ruwan sama, kada ka motsa. In ya ruguje kawai ruwan ya zauna garau, lafiya. In ruwan da ke kewaye da shi ya yi gurɓi kamar an ɗiga madara, akwai alamar sodiyam. Wannan ƙasar ce za ka ɗiba, ta sama daban ta ƙasa daban, ka kai wa masu auna ƙasa a Hukumar Binciken Noma ta Wad Madani ko Jami'ar Jazira.

Roƙona ga matasanmu masu waya: duk bidiyon noma da ya zo muku daga Kano ko Maraɗi, kafin ku tura wa baba, ku tambayi a wace irin ƙasa aka yi shi. Ku kuma aika wa danginku na can cewa su auna tasu, domin su ne suke bukatar farar ƙasa da toka da barin kara a gona. Ku kuma dattawa, bana idan gyaɗa ta fara fure, ku tashi tsaye a kan maganar ruwa tun kafin ta fara cika, ku je wa masu rabon ruwa a ƙungiyance, ba ɗaiɗai ba.